Harafin C da jan layi a kan sunan kaka a littafin ƙidayar Faransawa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Daga unguwar Birni ta Zinder nake rubuto maka, hankalina a tashe. An sa ranar ƴata, sai wani daga dangin mijin ya fito da hoton shafi ɗaya na tsohon littafin ƙidaya na zamanin Faransawa, yana ta yawo a WhatsApp na danginsu. Sunan kakan mahaifinta yana ciki, an ja masa layi da jan fensir, ga alamar gicciye a gefe, ga kuma harafin C a gaban sunan. Wanda ya karanta musu ya ce C ɗin captif ne, wato bawa, jan layin kuma shaida ce an fitar da shi daga gidan. Magana ta tsaya cak, yarinya ko abinci ba ta ci. Don Allah mene ne gaskiyar waɗannan alamomi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kwantar miki da hankali, ya ba yarinya haƙuri. Babu mahaluƙin da zai kalli hoton shafi ɗaya, wanda ba a ga samansa ba balle bangon littafin, ya ce miki wannan C ɗin bawa yake nufi. Wanda ya faɗa musu haka ƙage ya yi, ko da gangan ko da jahilci.

Takardar da kika bayyana ba ta ƙidayar ƙasa ba ce irin ta 1977, 1988, 2001 ko 2012. Littafin haraji ne, lanho kamar yadda tsofaffinmu ke cewa. Kwamanda ko magatakardansa ya zauna a bakin gari, ga tafinta, ga mai gari, ana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya kowa ya lissafa mutanen gidansa. Abin da ke gaban mai rubutu shi ne kai nawa zai biya, wa ya isa aikin tilas, wa ya isa soja. Asalin mutum bai dame shi ba. Kuma littafi ɗaya yakan yi shekaru ana komawa kansa, kowane zagaye da hannunsa da fensirinsa, shi ya sa za ki ga tawada da ja da shuɗi a shafi guda.

Gicciyen da layin ba su da wuya. A rubutun ofis na Faransanci, gicciye a gefen suna mutuwa yake nunawa galibi, wani lokaci a ƙara dcd, taƙaicen décédé. Wani magatakardan kuma da shi yake yin alamar ya duba suna ya wuce. Ba ya nufin mutum ya shiga addinin Kirista, don na ji ana yaɗa wannan ma. Layi a kan suna kuwa yana nufin an daina neman harajin mutumin a wannan gida. Ko ya rasu, ko ya ware ya kafa nasa gida aka buɗe masa lamba a wani shafi, ko mace ce ta yi aure, ko ya tsallaka Najeriya. Mutanen ƙasar Damagaram da yawa sun gudu zuwa Daura da Kano da Gumel saboda haraji da aikin tilas, wanda sai a 1946 aka soke shi. Ba a ja layi don a cire mutum daga gado ko daga dangi. Littafin haraji ba shi da wannan hurumi. Gicciye da layi a tare a kan suna ɗaya, abin da zan fara zato shi ne bawan Allah ya rasu aka sauke masa lanho.

Sai C, inda ɓarnar take, kuma nan zan daɗe, don wannan karatun banza ya ishe ni. Ana kawo mini shi kan aure, ana kawo shi kan limanci, ana kawo shi kan takarar mai unguwa, kullum salo ɗaya: hoto a waya, an yanke samansa, an zagaye harafi ɗaya.

Kalmomi nawa ne na wannan aiki ke farawa da C? Akwai célibataire, wanda bai yi aure ba. Akwai cultivateur, manomi, sana'ar kusan kowane namiji a littafin. Akwai commerçant, ɗan kasuwa, waɗanda suka cika Zango. Akwai chef de famille, mai gida. Dukansu ana iya taƙaice su da C. Abin da ke raba su shi ne gurbin da harafin ya faɗa, sunan gurbin kuma yana can saman shafi, daidai wurin da mai ɗaukar hoton ya yanke. Ki tambayi kanki me ya sa aka yanke.

Ko a hoton da ke hannunki akwai gwajin da za ki yi yau. Ki bi gurbin da C yake daga sama har ƙasa. In kin ga M da V da D sun cakuɗu da shi, maganar aure ce: mai aure, wanda abokin zama ya rasu, wanda aure ya mutu. In kusan kowane namiji baligi yana da C, manoma ne. In sunan farko na kowane gida kaɗai ke ɗauke da shi, mai gida ake nufi, wato kakan da ake son a ci wa mutunci shi ne ma ke riƙe da gidan. In kuma dangin mai zargin suna shafin, ki duba gaban nasu sunayen. Sau da yawa C ɗin yana nan zaune a gaban kakansa shi ma.

Ba ina cewa ba a yi bauta a Damagaram ba. An yi, tun zamanin Sarki Tanimun da ayarin da ke zuwa Tarabulus, kuma rahotannin farko na Faransawa bayan sun kama Zinder a 1899 suna maganar captifs ƙuru-ƙuru. Amma akwai dokar 12 ga Disamba 1905 da ta haramta bautarwa da cinikin mutane a Afirka ta Yamma ta Faransa. Daga nan hukuma ta kama matsayin cewa ba ta san da bawa ba a takarda, ko da abin yana nan a zahiri, jami'anta suka koma amfani da kalmomi irin su serviteur, wato mai hidima. To magatakardan da ke cika littafin haraji a shekarun 1930 ko 1950, mene ne zai sa ya buɗe gurbi na abin da shugabanninsa suka ce babu shi? Inda kuwa aka rubuta irin wannan matsayi, kalma ake gani a rubuce, ba a bar wa mai karatu harafi ɗaya ya yi ta cinta ba.

Saboda haka shekarar littafin tana da muhimmanci, kuma hatimi ko kan takarda zai nuna miki. In an rubuta Territoire militaire du Niger, kafin 1922 ne. Colonie du Niger daga 1922 ne. Territoire du Niger kawai, ko dai 1921 zuwa 1922 ne, ko daga 1946. République du Niger daga ƙarshen 1958. Na tabbata mai fassarar nan bai duba ko ɗaya ba.

Akwai ma tambayar da ta riga duk wannan: wa ya tabbatar mutumin shafin shi ne kakanku? Mamane dan Abdou nawa ne a Birni a shekara guda? Tafinta ya ji suna da Hausa ko Barbarci, Bafaranshe ya rubuta da kunnensa, Ciroma ya koma Tchiroma, Shatima ya koma Chétima. Shekarun haihuwa duk né vers ne, wato an haife shi wajen shekara kaza, an kalli fuska an ƙiyasta. Magidanta suna ɓoye samari don a rage musu kuɗi, suna sa ɗan riƙo da almajiri da baƙo a cikin ƴaƴa, mata kuma alkunya ta hana a faɗi sunansu na yanka. Da irin wannan takarda ake son a tsayar da auren yarinya.

Masu wannan sana'a na san irinsu. Mutum ya yi ƴan shekaru a makaranta, ya iya haɗa baƙin Faransanci, ya zauna a inuwa kusa da ofis yana rubuta wa mutane takardun ƙara, sai ya wayi gari masanin asali. A ba shi jaka biyu ya fitar wa gida da salsala har Borno, a ba shi biyar ya mayar da maƙwabci bawa. Ofisoshin da ke riƙe da waɗannan littattafai su ma da laifinsu. An jibge su a ɗaki gara na ci, mai neman ilimi a ce ya kawo takardar izini ya dawo gobe, mai neman fitina kuwa ya miƙa na goro ya ɗauki hoto ya fita. Sukar nasabar mutane Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa ta cikin al'amuran jahiliyya. Nijar kuma ta sa bauta cikin manyan laifuka a dokar 2003. Ko da takarda ta tabbatar wani kaka an taɓa kama shi a yaƙi, zalunci aka yi masa, ba aibi ba ne a kan jikarsa da za a hana ta miji.

Abin yi yanzu, Hajiya, kada ki shiga musu da kanki a waya. Waliyyin yarinya ya nemi dattijo ɗaya daga can gidan, su ce a nuna musu inda littafin yake. A ɗauki hoton bango, da shafin farko inda wani lokaci ake bayanin taƙaice-taƙaicen, da saman shafin, da shafi biyu kafinsa da biyu bayansa. A kai wa malamin tarihi a jami'ar Zinder ko ma'aikacin gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Yamai, a karanta a gaban ɓangarorin biyu. A haɗa da tsofaffin unguwa da mutanen fada, waɗanda suka san gidajen Birni ƙofa-ƙofa. In wanda ya fito da hoton ya ƙi faɗin inda ya samo shi, dattawan su sa shi ya janye maganar a cikin zauren WhatsApp ɗin da ya watsa ta, da muryarsa.