Kilishi na ƙarewa, jari na raguwa: ina kuɗin suke shiga?

Tambaya: Ina aji biyu a Jami'ar Jihar Legas (LASU), Ojo. Kawuna da ke kasuwar Alaba Rago ya ba ni jarin naira dubu 60, ina saro kilishi da dabino ina sayar wa ɗalibai. Kaya ba sa kwana, amma yanzu abin da ke hannuna bai kai dubu 35 ba. Yawancin masu saye abokaina ne, wasu sai an turo musu kuɗi daga gida suke biya. Wani ya ce in zuba ragowar a wata harkar intanet mai ninka kuɗi a wata guda. In yi?

Amsa: Ɗana, kada ka yi. Waɗanda MMM, wata harkar ninka kuɗi ta intanet, ta kwashe wa kuɗi a ƙarshen 2016 har yau wasu ba su farfaɗo ba, kuma kowace shekara sai an sake wa abin suna an dawo da shi. Maganar ta ƙare a nan.

Ciwonka yana cikin abin da ka faɗa a tsakiyar wasiƙarka kamar ba komai ba: sai an turo musu kuɗi suke biya. Su nawa ne? Nawa kake bin kowanne? Tun yaushe? Na tabbata da zan tsayar da kai yanzu a bakin ƙofar makaranta in tambaye ka, sai ka ɗaga kai sama kana lissafi da yatsu. Dubu 25 ɗin nan ba ɓata suka yi ba, suna aljihun abokanka, sun ci kilishi sun sha ruwa sun manta. Kai kuma kunya ta hana ka tuna musu, alhali kunyar mara kunya asara ce.

Na san wani yaro ɗan Agege da ke sayar da turare da huluna a wata jami'ar tarayya. Ciniki kamar me. Bashi kuwa duk a ka yake riƙewa, wai ai 'yan ajinsu ne, ina za su je? Sai yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya faɗo, wata takwas cur, kowa ya kama hanyar garinsu. Da aka dawo, wannan ya ce ya biya tuntuni, wancan ya ce kwalba ɗaya ya karɓa ba biyu ba. Ba shi da takarda ko guda da zai nuna. Mahaifinsa ne ya biya mai shagon da ya ba shi kayan.

Ka sayi ƙaramin littafi yau. Suna, rana, abin da aka karɓa, ranar biya, kuma a gaban mutumin za ka rubuta, yana kallo. Wanda rubutun ya ɓata wa rai dama bai yi niyyar biya ba. Wanda bai biya na farko ba, babu na biyu, ko da ɗakinku ɗaya. Bashin da ke waje gaba ɗaya kada ya wuce dubu 5 a jari irin naka. Masu karɓar dubu 20 a wata daga NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, ka san lokacin da yake shigo musu. Ranar za ka je, ba bayan kwana uku ba.

Kuɗin kilishi su zauna a asusu daban, ban da wanda kake sayen kati da abinci. Kuɗin mota ma a rubuta. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, zuwa sari da dawowa kaɗai na iya cinye ribar ƙulli goma ba ka lura ba, don haka sari ɗaya babba ya fi zirga-zirga uku, ga shi ba za ka rasa lacca ba.

Daren nan ka zauna ka rubuta duk wanda kake bi, gwargwadon abin da ka tuna, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin jarrabawa ta watsa ku. Sannan ranar Juma'a ka kai wa kawunka littafin ya gani da idonsa, tun kafin ya tambaye ka.