Kada ki cire soyayyar, ki sa doka ta shiga tsakaninsu

Kin ce kina rubuta labarin matasa a wata ƙasa ta nan gaba da azzalumai suka danne, amma soyayyar jarumarki ta cinye labarin, ko ki cire ta?

A'a. A ganina matsalar ita ce soyayyar na gefe guda, dokar ƙasar na gefe guda. Ki haɗa su. Idan hukuma ce ke raba abinci da kati, nuna mana yaron da jarumarki ke so yana tura mata rabin rabonsa ta ƙarƙashin tebur, hannunsa na rawa, alhali ya san kyamara na kallo, kuma in an kama shi ƙannensa ne za su kwana da yunwa. Nan take mai karatu ya gane tsarin mulkin ba sai kin cika shafi uku da bayani ba, ya kuma san halin yaron.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne 'yar shekara 16 da ba ta da damuwa sai zaɓe tsakanin samari biyu. Ki ba ta uwa, ki ba ta ƙawar da take tsoron za ta tona mata asiri, ki kuma bar ta ta yi kuskuren da zai jawo wa wani asara.