Kakana ya zo Agege fataucin goro: ta ina zan fara neman asalinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Agege aka haife ni, mahaifina ma a nan aka haife shi, kuma iyakar abin da muka sani game da kakanmu shi ne ya zo daga Arewa fataucin goro, ana kiransa Bakano. Ta ina zan fara neman asalinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar hawa mota zuwa Kano. Ka fara da tsofaffin da ke raye a nan Legas, musamman gwaggwanninka da sauran dattijan mata na gidanku, domin a wurinsu lissafin aure da haihuwa da riƙo yake. Ka je musu da goro, ka nemi izinin naɗar muryarsu a waya, sannan ka zauna da kowace ita kaɗai, saboda a cikin taro kowa yakan bi bakin wanda ya fi shekaru ne. Ka kuma lura da alkunya: tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, don haka sai ka nemi sunan yanka a bakin wata. Wanda ake ce wa Abba ko Baffa a dangi, sau da yawa sunan wani kaka ya ci.

Lakabin Bakano kuwa, ina ba ka shawara kada ka sakankance da shi. Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma daga nan mutanen Katsina da Daura da Damagaram suka riƙa shiga jirgin ƙasa zuwa kudu, saboda haka mutum kan sauka a Ikko a ce masa Bakano alhali Kano tasha ce kawai a tafiyarsa. Ka tambayi irin tsagen da ke fuskarsa, in akwai hoto ka nuna wa tsohon wanzami, domin askar Gobirawa ba ta ɓoyuwa, haka ta Kabawa. Ka tambayi su wa yake wasan taubasantaka da su; Bakano na asali da Bazazzagi yake wasa.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, sai da abin da ya faru. Ka tambaye su ko ya zo kafin yaƙin Hitila na 1939 zuwa 1945, ko ya riga ya yi aure lokacin zuwan Sarauniya a 1956, ko kuma a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, ya baro gida.

Hanyar da ta fi dacewa da matsalarka, a ganina, ita ce gidan fatoma. Bafataken goro ba ya sauka barkatai. Yana da fatoma, wato maigidan da ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya da kuɗi, kuma galibi ɗan garinsu ne ko wanda aka aiko shi wurinsa. Idan dattijan Zangon Agege ko na fadar Sarkin Hausawa suka gane gidan da kakanka ya fara sauka, jikokin wannan gida na iya faɗa maka garin da baƙinsu suke fitowa.

Bayan haka ne takarda za ta yi amfani. Ka bincika gafakarsa da tsofaffin akwatuna, domin akan sami wasiƙun ajami ko ranar haihuwa da aka rubuta a gefen littafi. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Ibadan tana riƙe da na Legas, ta Kaduna da Gidan Arewa (cibiyar tarihi ta Arewa House da ke Kaduna) suna riƙe da na lardunan Arewa, sai dai yawancin abin da Turawa suka rubuta a kan hakimai da dagatai da haraji ne, da wuya ka ga sunan ɗan kasuwa. Idan ka sami sunan yanka na kakanka da na mahaifinsa, da garinsu da sana'ar gidansu, to sai ka tafi, ka fara sauka a wurin mai unguwa ko dagaci.