Kafin ka biya dillali, tambaye shi shekarun jirgin

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, har da bidiyon bikin raɗa wa jirgin ruwan yawon shaƙatawa Icon of the Seas suna. Ka ce ka gama difloma a fannin lantarki, wani dillali ya yi maka alkawarin aiki a "irin wannan jirgin" in ka biya kuɗin rajista, kana so ka ji ko ka bi shi ko ka nemi makarantar koyon aikin jirgin ruwa. Daga ƙarshe ka jefo wata tambaya kamar da wasa: tunda kullum ana ƙera sababbi, ina tsofaffin suke zuwa? To ni wannan ta ƙarshen na fi riƙewa, domin a cikin amsarta za ka gane abin da ya kamata ka yi da dillalin naka.

Bikin da ka gani ba ƙarya ba ne. A Miyami aka yi shi, cikin Janairun 2024. A birnin Turku na ƙasar Finlan aka ƙera jirgin, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Lionel Messi ne ya ɗora ƙwallo a kan maɓalli, kwalbar giya ta sako ta tarwatse a goshin jirgin. A bisa al'adar masu jiragen, mace aka fi ba wannan matsayi, ana kiranta uwar jirgi. Nan Southampton inda nake zaune, Sarauniya Elizabeth ta biyu ce ta raɗa wa Queen Mary 2 suna a Janairun 2004. Kamfanin MSC kuwa ya daɗe yana kiran tsohuwar 'yar fim ɗin Italiya, Sophia Loren, ta raɗa wa jiragensa.

Mutanen teku suna da camfi a kan kwalbar nan, wai in ta ƙi fashewa jirgin ya shiga uku. Za su kawo maka misalin jirgin Aurora a 2000: kwalba ta ƙi fashewa, jirgin ya fita tafiyarsa ta farko, bai yi kwana ɗaya ba ya juyo gida saboda matsala a sandar farfela. Sannan su ƙara da Costa Concordia, wanda shi ma kwalbarsa ta ƙi, ya kife a gaɓar tsibirin Giglio a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Ni dai ban ga laifin kwalba ba. Kyaftin ne ya kai jirgin kusa da dutse, kotun Italiya kuma ta ɗaure shi shekara 16.

Abin da bidiyon bai nuna maka ba, kafin ranar suna an riga an yi shekara biyu ko fiye ana aiki, tun daga yanka ƙarfen farko, da sa tsabar kuɗi a gindin jirgi don neman sa'a, har zuwa gwaji a teku. Ma'aikatan da za su buɗe sabon jirgi kuma kamfani yakan tsamo mafi yawansu ne daga sauran jiragensa, waɗanda ya riga ya san hannunsu. Saboda haka wanda bai taɓa kwana a teku ba, in aka ce masa kai tsaye sabon jirgi za a kai shi, to ya sake tambaya.

Yanzu ga labarin tsofaffin. Ɗauki Sovereign of the Seas. A Janairun 1988 aka yi masa suna a wannan Miyami ɗin, Rosalynn Carter, matar tsohon shugaban Amurka, ita ce uwar jirgin. A lokacin ana yi masa kallon da kake yi wa Icon yau, alhali Icon ya ninka shi fiye da sau uku a girma. Bayan shekara ashirin aka miƙa shi ga kamfanin Pullmantur na Sifaniya, aka gutsure sunan ya koma Sovereign kawai. Da annobar korona ta tsayar da harkar a 2020, sai aka tura shi Aliağa a Turkiyya, aka jera shi da ɗan'uwansa Monarch da wasu jiragen kamfanin Carnival irin su Fantasy da Inspiration, aka yanka su gunduwa-gunduwa. Babu kiɗa ranar, babu mai jawabi.

Hanyar ke nan da mafi yawansu suke bi. Babban kamfani ya ci moriyar jirgi shekara ashirin ko ashirin da biyar, ya sayar wa ƙarami. Ƙaramin ya sake fenti, ya sake suna, ya sake tuta, ya kai shi kasuwar da fasinja ba su da kuɗin sabo. In ya haura shekara talatin, kuɗin gyara da na mai da na cika sharuɗɗan tsaro suka fi abin da yake kawowa, sai a nemi mai saye da nauyi. 'Yan kaɗan ne suke tsira. Queen Mary na farko yana ɗaure a Long Beach ta Amurka tun 1967, ya zama otal da gidan tarihi. Queen Elizabeth 2 ya bar aiki a 2008, ya yi shekara goma yana jira a Dubai kafin a buɗe shi a matsayin otal a 2018. Riƙe tsohon jirgi a ruwa yana cin kuɗi ko ba ya motsi, shi ya sa irin waɗannan ba su da yawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne France. Matar Janar de Gaulle, shugaban Faransa na lokacin, ita ce ta raɗa masa suna a Saint-Nazaire a 1960, abin alfaharin Faransa baki ɗaya. Aka sayar da shi a 1979 ya koma Norway. A Mayun 2003 tukunyar tururinsa ta fashe a tashar Miyami, ma'aikata takwas suka mutu. Ka lura, ma'aikata ne, waɗanda suke can ƙasa kusa da inji. Daga nan aka sake masa suna Blue Lady, aka ja shi zuwa Alang a Indiya a 2006. Sai da magana ta kai Kotun Ƙolin Indiya saboda yawan asbestas da ke jikinsa, wani abin rufe bututu da ƙurarsa ke haddasa ciwon daji a huhu, kafin a ba da izinin farfasa shi.

Wuraren yankan manyan jirage huɗu ne suka yi fice: Alang a jihar Gujarat ta Indiya, da gaɓar Chattogram a Bangaladash, da Gadani a Pakistan, sai Aliağa. A ukun farko, jira ake yi teku ta cika, a saki inji a banko jirgin kan yashi, in ruwa ya janye sai ma'aikata su hau shi da wutar gas. Cinikin kamar na 'yan gwangwan ne, sai dai a nan da tan dubu-dubu ake lissafi. Ƙarfen ya tafi masana'anta ya dawo rodin gini, gadaje da kujeru da na'urorin girki su shiga kasuwar gwanjo. Masu yankan kuwa talakawa ne 'yan ci-rani daga wasu jihohi, kuma ana rasa rayuka a fashewar gas da faɗowar ƙarfe.

Dokoki akwai. Tun ƙarshen 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wa duk jirgin da ke ɗauke da tutar ƙasashenta cewa sai a wurin da ta amince da shi za a yanka shi. Yarjejeniyar Hong Kong ta ƙasa da ƙasa kan yankan jiragen ruwa, da aka amince da ita tun 2009, sai a Yunin 2025 ta fara aiki. Amma doka tuta take bi, tuta kuma ana canza ta a takarda. Mai jirgi ya sayar wa ɗan tsakiya, ɗan tsakiya ya yi masa rajista a Komoros ko Palau, ya goge wasu haruffa daga sunan, shi ke nan jirgi ya kama hanyar yashi.

To ina ruwanka da duk wannan? Ruwanka shi ne, shekarun ƙarshe na jirgi a hannun ƙaramin kamfani su ne lokacin da ma'aikaci ya fi shiga haɗari, kuma a nan ne aka fi neman sabon shiga wanda bai san haƙƙinsa ba. A Yunin 2020 hukumar kula da jiragen ruwa ta Birtaniya ta tsare jirage biyar na kamfanin Cruise & Maritime Voyages a Tilbury da Bristol, saboda jinkirin albashi da kwantiragin da ya ƙare mutane na ciki ba a mayar da su gida ba. Wata guda bayan haka kamfanin ya durƙushe. Ɗaya daga cikin jiragen, Marco Polo, tun 1965 yake ruwa, a Alang ya ƙare a farkon 2021. Ba cewa nake yi kowane tsohon jirgi tarko ne ba. Akwai tsofaffin da ake kula da su fiye da wasu sababbin, kuma mai koyon gyara ya fi samun ilimi a inda abubuwa ke lalacewa. Abin da nake so shi ne ka san wanda za ka hau kafin ka hau.

Hanyar sani kuwa mai sauƙi ce. Suna yana canzawa, tuta tana canzawa, amma kowane babban jirgi yana da lambar IMO, wato lambar shaidarsa ta Hukumar Jiragen Ruwa ta Duniya, mai alƙaluma bakwai, wadda take bin sa tun daga ƙira har ranar yanka. Ce wa dillalin ya ba ka sunan jirgin da lambarsa da sunan kamfanin da zai sa hannu a kwantiraginka. Shiga shafin Equasis, kyauta ne, za ka ga shekarar da aka ƙera shi, da sunayen da ya taɓa amsawa, da ko an taɓa tsare shi a wata tasha. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka. Batun kuɗin rajista kuma, yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku, MLC ta 2006, ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikaci. Abin da ya halatta ka biya da kanka shi ne fasfo, da littafin ma'aikacin teku, da takardar gwajin lafiya. Kuɗin biza ma a wuyan mai jirgi yake. Dillalin da ya fara da cewa ka biya, ya riga ya taka dokar tun kafin ka ga ruwa.

Shawarata, ka bi ta makaranta. Manyan jiragen yawon shaƙatawa na yanzu tashoshin wutar lantarki ne masu tafiya: injuna suna juya janareta, wutar ce take juya farfela, ita take riƙe da sanyaya ɗakuna da lif da tace ruwan sha. Tun gyaran da aka yi wa yarjejeniyar STCW, wadda ta tsara horo da takardun shaidar ma'aikatan teku, a Manila a 2010, akwai takardar shaida ta musamman ta jami'in lantarkin jirgi, diflomarka kuma ta sa ka a bakin hanyarta. Ka tabbatar makarantar da za ka shiga hukumar jiragen ruwa ta ƙasar ta amince da ita, kuma ka tambaye su tun farko yadda ɗalibansu suke samun gurbin horo a teku, don a nan mutane da yawa suke maƙalewa da takarda a hannu. Ɓangaren inji yana da wata fa'ida a wurin irinmu: ba ruwanka da ɗaukar tiren barasa ko tsayuwa a ɗakin caca.

Kada dai ka zo da tunanin hutu. Kwantiragi yakan kai wata shida zuwa tara ga ƙananan ma'aikata, babu ranar hutu a mako, ɗakin kwana na mutum biyu ne can ƙasa ba taga. Doka ta ce a ba ka hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako, sauran duk na kamfani ne. Turo mini sunan jirgin da lambarsa in ya ba ka, mu duba tare. Ka gaishe da su Baba.