Amsa ga mai son karanta duwatsun kaburburan Rumawa

Malam, ka tambaya ko sai mutum ya ƙware a harshen Latin kafin ya iya karanta rubutun kaburburan Rumawa da ke gidajen adana kayan tarihi. A shekarun da na yi ina wannan aiki, nahawu bai taɓa tsayar da ni ba kamar yadda gajerun haruffa suka yi, domin masassaƙan sun saba taƙaita kalmomi. D M da ke saman dutse na nufin sadaukarwa ga ruhohin matattu, H S E na nufin a nan yake kwance, S T T L kuwa addu'a ce ta neman ƙasa ta yi wa mamaci sauƙi. Harafin L a cikin suna yakan nuna cewa mai sunan 'yantaccen bawa ne, ko da yake a farkon suna Lucius yake nufi. Idan ka haddace irin waɗannan guda talatin, ka samu abin farawa.

Sai dai kada ka wadatu da abin da aka buga a littafi, ko da CIL ne, babban kundin rubuce-rubucen Latin na kan duwatsu wanda masanin tarihi Bajamushe Theodor Mommsen ya assasa, aka fitar da juzu'insa na farko a 1863. Dutsen da ya koya mini haka shi ne na Regina, wanda aka tono a 1878 a South Shields ta Ingila, yana kuma ajiye a gidan tarihin Arbeia. A takarda, labarin gajere ne: baiwa ce 'yar ƙabilar Catuvellauni ta Birtaniya, ubangijinta Barates mutumin Palmira ta ƙasar Siriya ya 'yanta ta ya aure ta, ta rasu tana da shekara 30. Amma da na tsaya a gabansa, sai ga siffarta an sassaƙa, tana zaune a saƙaƙƙiyar kujera, mazari a cinyarta, akwatin kayan ado a gefe guda, kwandon ulu a ɗaya gefen. A can ƙasa kuma akwai layi ɗaya da rubutun Palmira mai cewa Regina, 'yantacciyar Barates, kaico! Latin ɗin yana da tangarɗa, wannan layi kuwa ya fita sumul, shi ya sa masana ke ganin masassaƙin ma daga can ya fito.

Game da shekarun mamaci, ka yi hattara, domin waɗanda suka ƙare da biyar ko sifiri sun yi yawa ƙwarai, alamar kintace ake yi. Ka kuma bincika ta inda dutse ya iso gidan tarihi, tunda attajiran Turai na ƙarni na 18 sun sayi na jabu, wasu kuma an yi musu ciko. Ranar da za ka je, ka nemi izinin shiga da tocila, ka haska dutsen daga gefe, ba daga gaba ba. Inuwar da ke faɗawa cikin sassaƙar ita ce ke fito da harafin da ya goge.