Na Sauya Kamshaf: Ta Yaya Zan Tabbatar Bawul Ba Zai Bugi Fistin Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Civic mai injin B16A, na saka mata kamshaf na tsere guda biyu, kuma a bara an ɗan kankare kan injin saboda ya lanƙwashe bayan ya yi zafi. Makanikina ya ce tunda ya juya injin da hannu bai ji ya cije ba, babu abin da zai faru. Shin in tayar da shi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tayar da shi tukuna. Juyawa da hannu tana nuna cewa ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba ne kawai, ba ta gaya maka ko ratar da ta rage ba ta wuce kaurin takarda ba. Injin da ke juyi 8,000 a minti ɗaya yana cinye irin wannan rata, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, sifirin kuma yakan makara wajen mayar da bawul mazauninsa. A injinka akwai ƙarin dalili: VTEC, wato tsarin Honda da ke sauya bawul zuwa babban tudun kamshaf idan juyin injin ya yi yawa, da matsin baƙin mai yake aiki, saboda haka lokacin da makanikin ke juyawa da hannu, ƙananan tuddan kamshaf ne ke danna bawul, babban tudun tsakiya bai shiga aiki ba ko kaɗan. Sai an kulle rokokin (hannayen ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul) wuri ɗaya awon zai zama na gaskiya.

Mutane da yawa zurfin saukar bawul suke dubawa, alhali a lokacin da ya buɗe gaba ɗaya fistin ya riga ya yi nisa a ƙasa. Haɗarin yana ƙarshen fitar hayaƙi ne, sa'ad da bawul ɗin shiga ya fara buɗewa, na fita bai gama rufewa ba, fistin kuma yana ƙololuwa. Na fita ya fi kusantarsa wajen digiri 10 na juyin karanshaf kafin ƙololuwa, na shiga kuma wajen digiri 10 bayanta. Shi ya sa daɗewar bawul a buɗe da saitin taimin suka fi zurfin muhimmanci, kankarar da aka yi wa kan injin kuma ta ƙara matse wurin.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta yumɓun roba irin wanda yara ke wasa da shi. A cire kan injin, a goge fistin, a liƙa yumɓun a guraben bawul da ke saman fistin, a shafa wa fuskar bawul ɗan mai don kada ya manne. Daga nan a mayar da kan injin da gasket mai kauri daidai da wanda za a yi aiki da shi, a saita taimin, a juya karanshaf sau biyu cur a hankali. A kula, wannan injin saɓanin hannun agogo yake juyawa, kuma idan aka ji ya tsaya kada a tilasta shi. Bayan an buɗe, a yanka yumɓun da reza a inda ya fi siranta, a auna kaurinsa.

Ƙa'idar da masu haɗa injin tsere suka saba bi ita ce inci 0.080, kimanin milimita 2, ga bawul ɗin shiga, da inci 0.100, wato milimita 2.5, ga na fita, wanda ya fi ɗaukar zafi kuma fistin ke bin sa a baya yana rufewa. A duba gefen gurbin ma, domin bakin bawul kan goge shi ko da zurfin ya isa.

Idan ratar ta gaza, gasket mai kauri zai ƙara ta amma zai rage matsin injin. Ni na fi son a zurfafa guraben fistin ko a sa fistin da aka yi don wannan kamshaf. In kuma kana da giyar taimin mai saituwa, duk lokacin da ka gabatar da kamshaf ɗin shiga ko ka jinkirta na fita, ratar tana raguwa, sai an sake awo.