Tambarin shagona ya fito dushi-dushi, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi. An zana mini tambarin shago, na tura wa mai buga allo ta WhatsApp. Da aka buga, rubutun ya fito dushi-dushi, ga wani farin akwati kewaye da shi. Kuma hotunan ɗinkin da ƙanena ya ɗauka da iPhone sun ƙi buɗewa a kwamfutar mai bugun.

Amsa: Wa alaikumus salam, maigida. Ba laifin injin bugu ba ne, laifin nau'in hoton ne da hanyar da aka aika shi.

Ina kyautata zaton JPEG aka ba ka. Tun 1992 ake amfani da shi, kuma dabararsa ita ce ya zubar da wani ɓangare na hoton da ido bai cika lura da shi ba, don ya rage nauyi. A hoton biki ko na shadda, ba ka ganin asarar. Amma a rubutu asirinsa ke tonuwa: ka ja hoton da yatsu biyu, ka dubi gefen haruffa, za ka ga ƴan ɗigo-ɗigo kamar ƙura. Duk lokacin da aka gyara shi aka sake ajiyewa, sai ya ƙara lalacewa. WhatsApp kuma ya sake matse shi. Sannan JPEG bai iya barin bayan hoto fayau ba, shi ya sa farin akwatin ya biyo ka.

Ka koma wurin mai zanen ya ba ka PNG. Shi ba ya zubar da komai, kuma yana barin baya fayau. Ya fi nauyi, amma tambari ɗaya ba zai cinye maka megas ba. In allon babba ne, ka nemi SVG, wanda ko an faɗaɗa shi ya kai bango ba ya dushewa. Wajen turawa ta WhatsApp, ka aika shi a matsayin takarda, wato Document, ba ta wurin hotuna ba.

Kada wani ya ce maka ka sauya sunan fayil daga jpg zuwa png. Aikin banza ne, abin da ya zube ya riga ya zube.

Batun iPhone kuwa, tun 2017 yake ajiye hotuna a HEIC, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su gane shi. Ƙanenka ya shiga saitin kyamara, sashen Formats, ya zaɓi Most Compatible, ko Le plus compatible in wayar tana Faransanci. Daga nan JPEG za ta riƙa ɗauka.